Dankali a Garwashin Damagaram

A Jos aka haife ni, a can na girma, kuma aure ne ya kawo ni Damagaram, wato Zinder, inda maigidana yake aikin koyarwa, danginsa kuma suke zaune a unguwar Birni tun kaka da kakanni. Mutanenmu na gida ba su ɗauki wannan ƙaura a matsayin tafiya ƙasar waje ba, tun da tsakanin Kano da nan tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka, a bi ta Daura, a ƙetare iyaka, a biyo ta Matamaye, kuma Hausar da aka baro a can ita za a tarar a nan. Sai dai duk matar da ta taɓa riƙe girki a garin da ba nata ba ta san cewa a madafa baƙunci yake fara nuna kansa. Kuɗin sefa da ake ƙirgawa da dala, har mai tumatir ya ce dala ashirin alhali tamma ɗari yake nufi, da takardun hukuma da suke zuwa da Faransanci, duk waɗannan na saba da su cikin ɗan lokaci. Abin da ya sauya mini hannu a girki gaba ɗaya shi ne ruwa.

Garin Zinder a kan dutse yake zaune, manyan duwatsun da suke tsaye a tsakanin gidajen Birni ma sun isa shaida, saboda haka ruwan da ake sha daga wajen gari ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo da Arunguza da Ganaram. Matsalar tsohuwa ce ƙwarai, domin ana lissafa ta cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga nan suka mayar da ita Yamai a 1926. Idan bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, zafi ya haura digiri 40, famfo yakan yi kwanaki bai ɗiga ba, sai kowa ya koma jiran 'yan garuwa da jarkokinsu a bakin ƙofa. A irin wannan lokaci uwargida takan auna kowane girki da ruwan da zai ci, na dafawa da na wanke tukunya da na ɗauraye kwanoni, kafin ta tuna da daɗinsa.

Ni kuwa na fito ne daga ƙasar da dankalin Turawa yake abincin yau da kullum. Tudun Jos yana da tsayin kusan mita 1,200, sanyinsa ya dace da shi, kuma daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi ake loda shi a manyan motoci zuwa sauran Najeriya. A gidanmu akan fere shi a wanke, a tafasa, a tace, wani lokaci a soya a yi masa miyar ƙwai, wani lokaci a yi fate da shi, kuma babu wanda ya taɓa tsayawa lissafin ruwan da hakan yake ci. Da na iske shi a kasuwar Dole na yi farin ciki, musamman da na ji cewa mai kyau daga cikinsa daga duwatsun Ayar yake zuwa, daga lambunan Tabelot da kan dutsen Bagzam, a sauko da shi ta hanyar Agadas da Tanut. Can ma tsayin ƙasa da sanyi ne suke ba shi rai, kamar dai a wurinmu. Yakan yi araha a lokacin ɗari, ya yi tsada idan damina ta shigo.

Dabarar naɗe dankali a takardar alminiyam a gasa shi a garwashi ba sabuwa ba ce gare ni, na san ta tun a gida wurin masu gasa kifi, amma a nan ne ta sami gindin zama a madafata, kuma shayi ne sanadi. A Damagaram babu gidan da ba a hura gawayi don shayi bayan la'asar ko bayan isha'i, kuma kafin a kai ga zubi na uku garwashin ya riga ya kwanta, harshen wuta ya mutu, farar toka ta rufe shi, zafinsa kuma yana nan daram. Wannan garwashi da aka saba bari ya mutu a banza shi ne ainihin abin da dankali yake so. Wuta mai ci da harshe tana ƙona bayansa ta bar cikinsa ɗanye, har takan huda takardar idan sirara ce, amma garwashin da ya natsu yana ratsa shi a hankali har tsakiya.

Ga yadda nake yi. Nakan zaɓi matsakaita masu girma ɗaya, waɗanda ba su wuce cikin tafin hannu ba, domin su nuna tare. Duk wanda fatarsa ta yi kore ko ya fara tsiro nakan yanke wurin da zurfi, ko in jefar da shi idan koren ya yi yawa, saboda alama ce ta cewa haske ya daɗe a kansa, ya tara wani sinadari mai ɗaci da yake ɓata ciki. Ba na ferewa. Rabin kwano na ruwa ya isa a goge ƙasar da ke jikinsu, ruwan ma ba ya tafiya a banza, gindin zogalen tsakar gida yake zuwa. Sai in tsane su da tsumma mai tsabta, in soka wa kowanne cokali mai yatsu a wurare kaɗan, in shafe shi da man gyaɗa da gishiri, in naɗe shi a takarda ninki biyu, in murɗe bakin sosai. Wasu sukan damu da wane ɓangaren takardar ne zai kalli ciki, mai ƙyalli ko maras ƙyalli, alhali bambancin bai taka kara ya karya ba. Daga nan sai a buɗe garwashin da ɗan ƙarfe, a jera su, a mayar da toka mai zafi a kansu, a juya su sau ɗaya bayan kamar minti 20. Tsakanin minti 40 zuwa awa ɗaya sun nuna, kuma tsinken tsire shi ne alƙali: idan ya shige har tsakiya ba tare da turjiya ba, an gama. Saboda takardar tana tsare tururi, fatar takan fito da laushi, cikin kuma ya yi gari-gari. Lemon tsami da tumatir ba na sa su sai bayan an buɗe, domin tsami yana cin alminiyam. Abin da ya fi dacewa da shi a bakina shi ne man shanu da yajin ƙuli, ko dakakken jan tattasan Diffa da ɗanyar albasa, a ajiye shi a gefen gasasshen nama ko kwaɗon zogale. Babu tukunya, babu wanke-wanke.

Uwar mijina ta daɗe tana kallon abin da gefen ido. Ranar da ta fara ɗanɗanawa ta ce, "Amarya, wannan ai abin taɓa ka lashe ne, ba zai kwana a cikin namiji ba." Na ce, "Gaskiya ne, Inna, rakiya kawai yake yi wa tuwo." Ban yi gardama ba, domin a ganina tana da gaskiya: a gidan da aka tashi da tuwon hatsi da fura, dankali ba zai taɓa zama abincin dare ba, kuma ban nemi ya zama ba. Ita ce ma daga baya ta nuna mini cewa su tun suna yara suke binne dankalin Hausa da rogo a toka ba tare da wata takarda ba, su kakkaɓe su ci. Amfanin takardar kawai shi ne ta hana toka shiga, ta riƙe mai da gishiri a jikinsa.

Akwai wani kashedi da nake yi wa duk maƙwabciyar da ta tambaye ni, kuma na fi nanata shi a kan yadda ake gashin kansa. Kada a bar dankalin a naɗe ya huce ya kwana. Dankali a ƙasa yake girma, kuma a cikin ƙasa akwai wata ƙwayar cuta da zafin gashi ba lallai ne ya kashe irinta ba, wadda take yaɗuwa a wurin da iska ba ta shiga, mai ɗumi da laima, ta fitar da dafin da yake shanye jiki har ya kai ga numfashi. Naɗaɗɗen dankalin da aka ajiye a ɗaki ya cika duk waɗannan sharuɗɗa. A 1994 mutum 30 sun kamu da wannan ciwo a garin El Paso na jihar Texas a Amurka, kuma bincike ya gano cewa daga dankalin da aka gasa a takardar alminiyam aka bar shi a naɗe ba a cikin firji ba ne. A garin da dare ma yake da zafi, kuma wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, kamar yadda muka gani a 2023 lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulki, firji ba zai ceci kowa ba. Saboda haka nakan gasa daidai bakin mutanen da suke zaune, a ci da zafinsa, wanda ya rage kuma a cire masa takarda nan take a ba yara kafin su kwanta.

Takardar ana samunta a shagunan kayan masarufi na cikin gari, naɗi ɗaya kuma yakan daɗe idan ana yanka daidai wa daida. Idan damina ta sa dankalin Ayar ya yi tsada, nakan koma kan dankalin Hausa ko makani, gashin duk iri ɗaya ne, sai dai dankalin Hausa yana fitar da zaƙi mai danƙo da yake ƙonewa a jikin takarda, don haka shi a gefen garwashi nake ajiye shi, in riƙa juyawa akai-akai.