Ɗigo ɗaya ya isa, Baba

Sau da yawa maganin hawan jinin ido ba ya yi wa tsofaffinmu aiki ne saboda yadda ake ɗiga shi. Sai ka ga Baba ya matse kwalba har ruwa na bin kumatu, sati biyu ta ƙare. Ɗigo ɗaya ya isa. A ja fatar ƙasan ido, a ɗiga ba tare da bakin kwalbar ya taɓa ido ba, a rufe idon, a danne kusurwarsa da ke jikin hanci minti 2 don kada maganin ya gangara maƙogwaro. In magani biyu ne, a ba da tazarar minti 5. Mai asma lallai ya faɗa wa likita kafin a rubuta masa Timolol, wani maganin ɗigawa na hawan jinin ido, domin yana iya toshe numfashi.