Alhamdulillah, Inna ta dawo gida

Jama'a Alhamdulillah, jiya da la'asar aka sallamo mu daga asibitin Shika, yanzu haka Inna tana ɗakinta a Tudun Wada har ta sha kunu da hannunta. Ni kam jikina bai dawo ba tukuna, kwana 19 a kan tabarma ba wasa ba ne.

Masu ta tambaya ko hanji ne ya ɓule, a'a. Da farko haka aka zata, don likita ya ɗaga hoto ya nuna min iska ta taru a saman cikinta ƙarƙashin haƙarƙari, ya ce yawanci in an ga haka to gyambon ciki ne ya huda ko taifot ta ci hanji. Da aka shiga tiyata sai ga hanji lafiya lau, ashe saifa ce ta tara mugunya har ta fashe, ƙwayoyin cutar da ke ciki su ke fitar da iskar, ciwon suganta kuma shi ya ba su ƙofa. Ya ce ba kasafai ake ganin irinsa ba. Sati biyu fa tana kukan kafaɗar hagu muna shafa mata man zafi, ashe daga saifar ne. Allah ka yafe mana.

Abin da ba zai bar zuciyata ba shi ne daren jini. Ƙarfe 2 aka ce a kawo leda biyu, nawa bai yi ba, na fito ina ta kiran waya ba mai ɗauka, sai ga mai keken da ya kawo mu tun magariba ashe bai tafi ba, ya ce yaya mu je a gwada nawa, ai uwa uwa ce. Ko sunanka ban tambaya ba ɗan'uwa. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya jiƙan magabatanka, ya kai ka Makka, ya ba ka masu jin ƙanka.

Gwaggo ta Gyallesu da ba ta fasa kawo abinci ba, Kawu na Sabon Gari, limaminmu, nas-nas na dare da likitocin tiyata, Allah ya saka da Aljanna. Wasu kuma suna nan cikin gari ko waya babu, ba komai, amma Inna ta tambaye ku har sau biyu.

An cire saifar gaba ɗaya, don haka akwai alluran rigakafi a gaba, dole ta riƙa kwana a gidan sauro, zazzaɓi kaɗan kuma sai asibiti. Masu zuwa dubiya a bari sai bayan la'asar, kuma don Allah ban da lemon kwalba.