Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Harshen Masaƙan Banaras

A makon jiya na tsaya a daren da na sauka Banaras ta ƙasar Indiya, garin da a takarda ake kira Varanasi. Ɗakin da na kama haya yana Madanpura, unguwar masaƙa Musulmi, inda ƙarar saƙa take farawa da zarar an idar da sallar Asuba.

Na taho da ɗan Indiyancin da na tsinta a finafinai tun ina yaro a Kano. Da safe mai gidan, dattijon da nake kira Caca, wato baffa, ya dube ni ya ce, "Ka hal ba, beta?" Kunnen Bahaushe da ya ji "ba" sai ya zaci an kore magana. Ashe lafiyata yake tambaya da Bhojpuri, harshen da yake sa "ba" a inda Hindi ke cewa "hai".

Daga baya a jami'a na gane Bhojpuri ba gurɓatacciyar Hindi ba ce. Tushenta tsohon harshen Magadhi Prakrit ne, don haka 'yar uwar harsunan Maithili da Magahi ce, kuma tana da dangantaka da Bengali. Sunan ya fito daga garin Bhojpur na jihar Bihar, inda sarakunan Ujjainiya suka zauna, masu danganta kansu da Sarki Bhoj na Malwa. Ƙidayar 2011 ta sami masu magana da ita fiye da miliyan 50, amma a ƙarƙashin Hindi aka lissafa su, kuma ba ta cikin harsuna 22 da tsarin mulki ya amince da su. Wannan ya tsaya mini a rai.

Abin da ya fi zama mini dai shi ne yammacin da Caca, ƙafafunsa cikin ramin saƙa, ya rera wata waƙar Kabir da ke kwatanta jikin ɗan Adam da mayafin da aka saƙa da zare siriri. Kabir masaƙi ne a garin nan a ƙarni na 15, kuma a cikin harshensa mai gauraye ana jin Bhojpuri. Caca bai taɓa karanta waƙar a littafi ba. A bakin mahaifinsa ya ji ta, kamar yadda makiyayan Ahir suke riƙe doguwar waƙar jarumi Lorik da ka, mata kuma suke rera sohar idan an yi haihuwa.

Na ɗauko takarda zan rubuta, sai ya girgiza kai. "Ɗana, zauna ka saurara tukuna."

Mako mai zuwa zan kawo labarin tafiyarmu Maghar, inda Kabir ya rasu.