Tafiyata Normandi da Yadda Ake Bambance Motocin Yaƙi

A farkon watan Yuni na hau jirgin ƙasa daga tashar Saint-Lazare ta birnin Paris zuwa garin Bayeux da ke yankin Normandi a arewacin Faransa, domin a irin wannan lokaci ne masu tara tsofaffin motocin soja suke kwararowa gaɓar teku don tunawa da saukar sojojin ƙawance a wannan gaɓa a ranar 6 ga Yuni, 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tun daga hanyar Arromanches, wani ƙaramin gari a bakin teku, na fara cin karo da ayarin motocin, dukkansu da fenti kore mai duhu, mafi yawa da farin tauraro a jiki, ta yadda baƙo zai rantse cewa kamfani ɗaya ne ya ƙera su.

A Arromanches ƙananan motocin jif ne suka fi yawa. Kamfanin Willys ya ƙera kimanin 360,000 a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Ford kuma kimanin 280,000, kuma da gangan aka sa su bi zane ɗaya domin kayan wannan su shiga waccan a fagen daga. Wani dattijo da ke goge tasa ya ce in durƙusa in leƙa ƙarƙashin lagireto, inda ƙarfen da ya haɗa ɓangarori biyu na shasi yake. A motar Willys ƙarfen bututu ne zagayayye, a ta Ford kuwa ƙarfe ne da aka lanƙwasa, buɗe ta ƙasa. Sannan ya aza yatsa a kan wani noti, sai ga harafin F ɗan ƙarami, wanda Ford ya riƙa bugawa a kan kayansa da dama. Ya kuma ja hankalina cewa ba kowace jif da ke wurin ce ta ga yaƙin ba, domin kamfanin Hotchkiss na Faransa ya ƙera irinta bayan yaƙi ga sojojin ƙasar, kuma wasu masu ita suna yi mata fentin Amurka.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina yana gabas da nan, a garin Courseulles-sur-Mer da ke gaɓar da ake kira Juno, inda sojojin Kanada suka sauka. A can na tarar da manyan motoci masu gajeren hanci da ake kira CMP, wato samfurin motocin soja na Kanada, waɗanda Kanada ta ƙera fiye da 400,000 bisa buƙatar rundunar Birtaniya, shi ya sa sitiyarinsu yake a dama ko da yake a Kanada hagu ake sa shi. Kamfanoni biyu da suke hamayya a kasuwa, wato Ford a Windsor da General Motors mai Chevrolet a Oshawa, su ne suka amince su yi amfani da kan mota iri ɗaya, kuma a ganina wannan haɗin kai ya cancanci a riƙa ambatonsa fiye da yadda ake yi. A samfurin kai mai lamba 13, gilashin gaba ya karkato ne ta sama zuwa waje, domin kada hasken rana ya haska sama jirgin abokan gaba ya hango.

Motoci biyu na tarar a jere, na daɗe ina zagaya su kafin mai ɗaya daga cikinsu ya nuna mini ragar da ke kare lagireto. Idanun ragar Ford murabba'i ne a miƙe, na Chevrolet kuwa a karkace suke, kamar saƙar shingen waya. Wannan ita ce alamar da ake fara dubawa idan tambarin kamfani ya ɓace. Babban bambancin yana cikin inji: Ford yana da silinda takwas a jeri biyu mai ƙarfin doki 95, Chevrolet kuma silinda shida a jeri ɗaya mai ƙarfin doki 85. Da aka tayar da su, na ji da kunnena cewa kukansu ba ɗaya ba ne, domin na Ford yana gurnani mai kauri, na Chevrolet kuma yana tafiya sumul. Na leƙa cikin kan motar na ga yadda injin ya kutso tsakanin direba da abokin tafiyarsa, ƙafafun direba a matse cikin ɗan lungu, na kuma tausaya wa waɗanda suka yi ta tuƙa irin waɗannan motoci cikin zafin hamadar Arewacin Afirka.

Mai motar ya gargaɗe ni kada in yanke hukunci da alama ɗaya tak, saboda bakanikan soja sun riƙa cire kayan wata mota suna sa wa wata, bayan yaƙi kuma manoma da masu sufuri sun ci gaba da yin hakan shekara da shekaru. Saboda haka shi yakan haɗa raga da inji da lambar da aka buga a jikin shasi da kuma ɗan farantin bayanai na masana'anta, kuma sai sun yi daidai da juna yake yarda ya kira motar da sunan kamfanin da ya ƙera ta.