Agogon da ya san Fabrairu

Shekarata ta uku ke nan ina koyon gyaran agogo a kasuwar Sabon Gari lokacin da wani Alhaji ya kawo agogon mahaifinsa, naɗe cikin hankici. Mu a teburinmu Seiko 5 da Orient muka saba gani, yawanci tsarabar Makka. Wannan kuwa ɗan Suwizalan ne, fuskarsa na nuna rana da wata da shekara, har da hoton farin wata. Ya daɗe a ajiye, kwanan watan ya tsaya.

Na ɗauki tsinke zan danna ɗan maɓallin gefe, sai maigidana ya riƙe mini hannu.

"Yaro, ƙarfe nawa agogon ya nuna?"

"Sha ɗaya, Baba."

"Na rana ko na dare?"

Na yi shiru. Ya ce daga wajen tara na dare zuwa uku na asuba haƙoran ciki sun riga sun kama aikin juya kwana, wanda ya danna a lokacin yana iya karya abin da babu irinsa a Kano. Sai ka juya hannun agogon ka ga kwana ya sauya, ka tabbatar gari ya waye masa, sannan ka taɓa.

Da la'asar ya zana mini sirrin a bayan kwali. Akwai wani ɗan faifai mai gurbi 48, kowane gurbi wata guda, yana zagayowa sau ɗaya a shekara huɗu, kwana 1,461. Zurfin gurbin ne ke gaya wa agogon tsawon wata: na kwana 30 ɗan kaɗan, na Fabrairu ya fi kowanne zurfi, ban da Fabrairun shekara ta huɗu mai kwana 29. Ba batir, ba kwamfuta, ƙarfe ne kawai da lissafi. Har yau abin na ba ni mamaki. Thomas Mudge na Ingila ya yi irinsa na aljihu tun wajen 1762, kamfanin agogo na Patek Philippe kuma ya yi irinsa na hannu a 1925.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maigida bai buɗe bayan agogon ba. Hunturu ne, ƙura ta cika kasuwa. Ya kuma hana ni goge jikin, ya ce masu tara tsofaffin agogo sun fi daraja ƙarzuwar asali a kan sheƙin da inji ya kawo, kuma wannan ƙarzuwar a hannun mahaifin mutum ta samu. Ya wana shi, ya saita kwana a hankali, ya faɗa wa Alhaji gaskiya: wankin ciki sai wanda ke da kayan aikinsa.

Da Alhaji zai tafi ya tambaya yaushe za a sake gyara kwanan.

"In bai tsaya ba, ranka ya daɗe, sai 2100. A shekarar nan Fabrairu ba zai kai 29 ba, shi kuwa agogon bai san haka ba. A bar wa jikoki wasiyya."

Alhaji ya mayar da shi cikin hankicin, ya ce Allah Ya kai su.