Fita da kare da sassafe

Tunda na fara fita da karen gidanmu bayan sallar asuba, jikina ya saki, shi ma ya rage haushin dare da ke hana maƙwabta sakat. Kare in ya yini a ɗaure, fushi yake tarawa.

Amma don Allah 'yan'uwa, a sa masa igiya, musamman lokacin da yara ke tafiya makarantar allo. Kada a fita da shi da tsakar rana, kwalta na ƙona masa tafin ƙafa, ga shi ba ya gumi kamar mu, sai haki, harshe a waje. Allurar haukan kare kuwa duk shekara nake kai shi asibitin dabbobi a yi masa. In mun bi ta cikin ciyawa, ina duba kunnuwansa saboda kaska.