Ƙari a saman ƙoda da ƙibar da ba ta abinci ba

Shekara biyu muna zaton yayata ƙiba kawai take yi, sai dai fuskarta ta yi zagaye, cikinta ya girma, ƙafafunta kuwa suna ramewa, ga hawan jini da sukari da suka ƙi jin magani. Abin da likita ya fara tambaya shi ne ko tana shan ƙwayoyin ƙara ƙiba ko shafa man bilicin, domin da yawansu na ɗauke da sitiroyid, kuma alamomin da suke jawowa iri ɗaya ne da na cutar Cushing, wadda yawan sinadarin kotizol a jiki ke kawowa.

Da aka tabbatar ba ta amfani da su, sai aka ba ta miligiram 1 na dexamethasone (maganin sitiroyid da ke sa kotizol ya sauka a jikin mai lafiya) da ƙarfe 11 na dare, aka ɗebi jininta da ƙarfe 8 na safe, amma sinadarin kotizol bai sauka ba. Sinadarin ACTH, wanda ke fitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa yana sa jiki ya samar da kotizol, ya yi ƙasa sosai, wanda ya nuna matsalar ba daga ƙwaƙwalwa take ba, sannan hoton CT ya bayyana ƙari a halittar adirinal ta hagu, wato ƙaramar halittar da ke saman ƙoda mai samar da kotizol.

An cire adirinal ɗin hagun da tiyatar ƙananan huji. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, bayan tiyatar sai da yayata ta shafe watanni tana shan hydrocortisone, maganin da ke maye gurbin kotizol, saboda adirinal ɗin dama ta daɗe ba ta aiki.